Jakar da Na Yi Wata Takwas Ban Kwance Ba a Zariya

Motar da ta kwaso mu daga Legas ta sauke ni a Kwangila ana kiran assalatu, cikin watan Janairun 2023, sanyin hunturu kamar zai tsaga ƙashi. Na goya jakata na tsaya ƙarƙashin gada ina kallon masu shayi suna hura wuta. Wata bakwai ke nan rabona da gida, kuma duk abin da na mallaka yana bayana: kaya kala uku, bargo, darduma, 'yar buta, almakashi da tef ɗin awo, fasfo da katin rigakafin shawara, sai wata takarda da aka rubuta mini kwatancen wani gida a cikin birnin Zariya.

Ni mutumin Damagaram ne, ɗan tela, a kan keken ɗinki na tashi. A watan Yunin 2022 na ce wa mahaifiyata zan je in ga duniya, ta yi ta kallona kamar na ce zan shiga rijiya, daga baya ta sa mini albarka. Na bi ta Yamai na gangara Gaya, na haye gadar kogin Kwara zuwa Malanbil, daga nan Paraku, Kwatano, Lome, Ankara, Kumasi, har Abijan, sannan na juyo ta bakin teku na shigo Najeriya ta Seme. Dabarata ɗaya ce a kowane gari. In na sauka a tasha sai in tambayi ina zango yake, in nemi masallaci, in nemi mai shayi, shi kuma ya nuna mini tela. In hau keken wani mako biyu ko uku, in tara kuɗin mota, in yi sallama. Haka na yi a Nima ta Ankara, haka a Ajame ta Abijan, inda na yi ta cin garba, wato acake (dambun rogo) da soyayyen kifi, a hannun 'yan ƙasarmu da suka riƙe sana'ar, haka kuma a Agege. A Gana na koyi kada in kwana da sidi da yawa a aljihu, don a watan Oktoban shekarar kuɗin ya yi ta zubewa, abin da ka saya da safe ba shi ne farashinsa da yamma ba.

A Kumasi na haɗu da wani Bazazzage mai kai manyan riguna. Na ɗauki wata aska takwas na juya cikinta ina duba bayan ɗinkin, na daɗe ban ajiye ba. Ya ce, "Malam, kai ba saye za ka yi ba, ɗinkin kake karantawa." Na ce haka ne. Ya ce in da gaske nake in je wurin mahaifinsa, a zaurensu aka yi ta. Shi ya rubuta mini takardar nan.

Abin dariyar, daga Damagaram zuwa Kano kilomita 240 ne ko kusa da haka, daga Kano zuwa Zariya kuma wajen 150. Da ta Matamaye da Daura na biyo, wuni ɗaya ya ishe ni. Na zaga ƙasashe biyar kafin in iso garin da ke bayan gidanmu. Shi ya sa na shigo da gadara. Na zauna cikin mutanen da ba na jin ko "zo in kashe ka" a harshensu na kuma rayu, to me zai gagare ni a garin da ake Hausa, ake sallah, ake tuwo?

Keke Napep ya ɗauke ni ta PZ, ya ratsa Tudun Wada, muka shiga ta Ƙofar Doka. Tsarin garin ma bai baƙunce ni ba, mu ma a Damagaram da Birni da Zango da Sabon Gari muke. Na sami Baba, mahaifin mutumin Kumasi, a zaure shi da almajiransa huɗu, kowa da riga shimfiɗe a cinya. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa takarda. Ya karanta, ya tambayi lafiyar ɗansa, ya tambayi iyayena, ya tambayi damina a wajenmu ko da yake rani ake. Sannan ya sa aka share mini shagon da ke jikin zaure. Kwana uku ana fito mini da abinci a kwano mai murfi, har da nama. Wannan na saba da shi. Duk inda na sauka haka ake yi wa baƙo, kuma na gwanance wajen zama baƙo: na san yadda ake godiya, na san labarin da zan bayar a yi dariya, na san lokacin da ya kamata in tashi tun ba a gaji da ni ba. A rana ta huɗu kwanon murfi ya ɓace, aka ce in sa hannu a tire ɗaya da almajirai.

Kuɗi ne ya fara karya mini gadara. Na faɗo a tsakiyar canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000. An sa ranar 31 ga Janairu a matsayin ranar ƙarshe ta tsofaffi, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma sai dai ka ji labarinsu. Mai canji a Legas tsofaffi ya cika mini hannu da su, ni kuma ban san dawan garin ba. Mutanen gari suna kuka, amma su aƙalla suna da asusun banki, suna iya yin taransifa ko da za ta maƙale. Ni ba asusu, ba lambar NIN, ba ma layin waya da sunana. Ga sefa ɗinke a ƙugun wandona, kuɗin da ya ci da ni daga Yamai har Abijan, in ban da Gana, ba tare da an canza shi ba, amma a Babban Dodo ba zai saya mini ƙosai ba.

Wata safiya na sha shayi da burodi na miƙa tsohuwar ɗari biyar. Mai shayin ya girgiza kai. Na tsaya ina lalube, kunya ta rufe ni. Sai ya jawo wani littafi da maiƙo ya cinye, ya ce, "Kai ba baƙon gidan Baba ba ne? Wane suna zan sa?" Kafin in amsa wani daga kan benci ya ce, "Sa Badamagare." Haka aka rubuta, haka kuma sunan ya bi ni har yau. A wata bakwai na tafiya ba wanda ya taɓa ba ni bashi, kuma ban ga laifin kowa ba, wa zai ba mai jaka a baya bashi? An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma sai wanda aka san inda yake kwana. Na koma shago ina lissafi, sai na lura ko da na so tafiya gobe ba dama, akwai shafi da sunana.

Sai harshe. Da na buɗe baki yara su taru. In ce an ɗauke kuran, su ce me? Sai an fassara musu cewa Nepa nake nufi. In ce esans, su ce fetur. In ce lakwal, butik, bik, montur, su kwashe da dariya su ce "ɗan Faranshi." Lissafin kuɗi kuwa ya fi ba ni wahala, don kaina da dala da jaka yake ƙirga: a wajenmu dala sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100, jaka kuma 1,000. A ce mini ɗari biyu sai in tsaya ina ninkawa da biyar. A Gana in na yi kuskure a Turanci ba ya damuna, ai ba harshena ba ne. Amma a yi maka dariya a harshen da uwarka ta yi maka tawai da shi, wannan da ciwo. Na ɗan yi kwanaki ina taƙaita magana.

Wanda ya fitar da ni babban almajirin Baba ne, wanda nake kira Yaya. Ya ce, "Kai ma ka rama mana. Ba ka ji yadda muke magana ba?" Sai na buɗe kunne. Ashe Zage-zagi ba ruwansu da mace da namiji a zance: "mota ne," "yarinya ne," "rigan Baba." Na fara tsokanarsu, in ce garin da Sarauniya Amina ta fito, garin da aka ce sunan ƙanwarta ya ci, amma kun kori mata daga nahawu. Na haɗa musu da fate, don ban taɓa ganin mutanen da ke son faten tsaki da rama da yakuwa kamarsu ba. Su kuma su ce mu ba mu san komai ba sai fura da yashi. Da muka gaji sai mu haɗu a kan Kanawa, tunda abokan wasanmu ne mu duka. Faransancin da nake ɓoyewa ma ya yi rana: wasu ɗalibai masu karanta shi a Jami'ar Ahmadu Bello suka ji labarina, suka riƙa gayyatata Samaru muna hira, su kuma suna gyara mini Turancin kasuwa da na tsinto a Ankara da Legas.

Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ban shirya masa ba shi ne ƙaiƙayin ƙafa.

A kwana goma na farko na yi wa Zariya abin da na saba yi wa gari. Na bi ragowar ganuwa ina ƙirga ƙofofi, Kuyambana, Gayan, Kona, Tukur-Tukur, Jatau, Kibo. Na shiga masallacin Juma'a na ƙofar fada na ga bakan gizon ƙasa da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaga tun wajejen 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda yanzu sabon gini ya lulluɓe. Na hau Kufena na hango garin cikin hazo, na gangaro Wusasa na ga tsohuwar cocin da aka gina da ƙasa irin ginin Hausa. Na je na tsaya gaban ginin Gaskiya, inda aka riƙa buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa a 1939. Na leƙa kasuwar Sabon Gari, na ga tashar jirgin ƙasa. Na ɗau hotuna, na tura wa abokai. A lissafina na matafiyi, na gama Zariya. A ko'ina a baya, wannan ne lokacin da zan fara tambayar kuɗin mota.

Sai na wayi gari ba inda za ni. Zaure ɗaya, fuskoki ɗaya, hanya ɗaya zuwa masallaci. Kullum da asuba in naɗe bargo da darduma in cusa a jaka in ja zif, kamar mota na jirana. Ban kafa ko ƙusa a bango ba. Wasu ranakun bayan la'asar sai in sulale zuwa tasha, ba don komai ba sai in ji 'yan kamasho suna kiran Kano, Funtuwa, Gusau, Jos, in ji gabana yana faɗuwa irin na daɗi. Da dare in buɗe taswira a waya in bi hanyar Maiduguri zuwa Njamena da yatsa. Tafiya tana da wata zuma da ba a faɗa: kullum kai sabo ne, ba wanda ya san kuskurenka na jiya, in wuri ya ishe ka sai ka bar masu wurin da wurinsu. Na sha zumar nan wata bakwai, rashinta kuma ya sa ni ƙunci da saurin fushi ba dalili.

A mako na huɗu zazzaɓi ya kwantar da ni. Na sha ruwan tasha iri-iri, na kwana a benci a kan iyakoki, ko ciwon kai ban yi ba, sai da na sami katifa da ɗaki jiki ya ce to yanzu biya ni. Yaya ya raka ni aka gwada jini, aka ce cizon sauro ne, muka sayi magani a kemis, abin da ni na sani da farmasi. Inna, uwargidan Baba, wadda har lokacin muryarta kawai na sani, ta riƙa aiko da kunun tsamiya safe da yamma. Rana ta uku ta tsaya daga bayan ƙofar tsakar gida ta ce, "Ɗan nan, ka gaya wa mahaifiyarka ba ka da lafiya?" Na ce a'a Inna, kada hankalinta ya tashi. Ta ce, "Kira ta ka ba ni." Suka yi kusan rabin awa suna magana, matan da ba su taɓa ganin juna ba. Ban ji abin da suka ƙulla ba, amma tun daga ranar in na yi dare a waje, kafin in dawo labari ya riga ya isa Damagaram.

Da na warke Baba ya ba ni ƙyalle da allura da zare. Na ɗauka abin wasa ne, ni da nake gama riga da wando kafin azahar. Na cika ƙyallen cikin awa biyu na kai masa. Ya juya bayansa, daidai yadda na yi a Kumasi, ya miƙo mini ya ce, "Warware." Washegari ma haka. Sai da na warware sau shida. Ya ce hannuna na keke ne, yana gudu ya riga idona. Babbar riga ba aikin mutum ɗaya ba ce: akwai mai yanka ya haɗa, akwai mai zane da zai fitar da asake da tambari a kan shadda, akwai masu cikewa, da yawansu ma mata ne a cikin gidaje, sannan a kai mabuga su daka ta har ta ɗau ƙyalli. Mai aiki sosai takan ci makonni, wata ma watanni, musamman in da zaren tsamiya ne. Ni da ban taɓa yin wata guda a gari ɗaya ba tun da na bar gida, aka ɗora mini aikin da ba a ganin ci gabansa sai an kwana bakwai. Akwai ranar da na zauna tun hantsi har la'asar, abin da na cike bai fi tafin hannun jariri ba, na ji kamar in yi kuka.

Maganar takardu ba ta ba ni wahala yadda na zata ba. Lokacin Nijar tana cikin ECOWAS, wadda mu muke kira Sedeyawo, kuma yarjejeniyar 1979 ta ba ɗan ƙasashen damar kwana 90 ba biza. A tafiya ban taɓa kusantar 90 ɗin ba, sai a nan na fara ƙirga kwanaki. Baba ya fara kai ni wurin mai unguwa, na zube na ce ranka ya daɗe, aka shaida masa ga yaronmu, ga sana'arsa. Daga nan na je Kaduna ofishin shige da fice da fasfo da hotuna na nemi katin zama, bayan ya fito na yi NIN, na sayi layi da sunana, na buɗe asusu. Ranar da taransifa ta farko ta shigo wayata, wurin mai shayi na fara zuwa aka soke shafina. Ya ce, "To sai a buɗe sabo."

Amma ba katin ne ya zaunar da ni ba, faɗa ne.

Cikin azumi, wanda ya kama a ƙarshen Maris, wani tsoho mai sayar da itace a lungunmu ya rasu da hantsi. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na fito da shirin zuwa Samaru, ɗaliban nan suna jirana, na tarar an fara taruwa a ƙofar gidansa. Na tsaya na ce Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri, na wuce na hau Napep. A ganina na yi abin da ya kamata. A Lome da Abijan na sha wuce makoki, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ni.

Bayan an sha ruwa an yi asham Baba ya aika a kira ni. Ya sallami almajirai, abin da bai taɓa yi ba.

Ya ce, "Ina ka je yau?"

Na faɗa masa.

"Ka ga an yi rasuwa?"

"Na gani, Baba. Na yi musu gaisuwa."

Ya yi shiru har na fara jin ƙarar sauro. Sannan ya ce, "Gaisuwa ta mai wucewa ce. Mutumin nan kullum ka fita sai ka wuce ta gabansa. Da kake kwance sau biyu yana zuwa zauren nan tambayar jikinka, kana barci. Yau an ɗauke shi, an nemi matasa masu kama makara, aka ce ina Badamagaren gidan wane, na rasa abin cewa." Ya nuna shagona da haɓa. "Na ga jakarka kullum a ɗaure. Ban hana ka tafiya ba, yaro. In tafiya za ka yi, ka faɗa mini in sa maka albarka. In kuma zama za ka yi, to ka zauna."

Ban iya cewa komai ba sai "Na tuba, Baba." Na shiga shago raina a jagule, har da 'yar zuciya: ni da na zo koyon ɗinki, me ya haɗa ni da makarar wani? Na jawo jakar ma na ɗora a cinya. Can cikin dare sai wani abu ya faɗo mini. Rabon da wani ya yi mini faɗa tun a gida. Duk mutanen kirkin da suka sauke ni a zango-zango, ba wanda ya taɓa ɗaga mini murya, don ba wanda ya sa ran komai daga gare ni. Baƙo raɓa ne, ba a yi wa raɓa faɗa.

Da safe na je na zauna a tabarmar makoki, na yi kwana ukun cur, ina tashi ina ɗebo ruwan alwala, ina gyara wa dattawa takalma. Ba wanda ya ce mini komai a kan jiya. Amma bayan sadakar uku abubuwa suka fara biyo ni da kansu. Aka zo karɓar kuɗin gyaran taransifoma, aka ce shagona ma ɗaki ne. Aka sa ni a adashin almajirai. Aka ba ni shebur ranar yashe kwata kafin saukar ruwa. Ɗaurin aure a Tudun Jukun, suna a Gyallesu, dubiya a Shika, duk sai a ce "Badamagare, taso." Wani lokacin har in ce a raina, wannan zama ai ya fi tafiya cin kuɗin mota.

Sallah ta zo ranar 21 ga Afrilu. Na ga hawan Sarkin Zazzau Ahmad Nuhu Bamalli, wanda ya hau a 2020 bayan rasuwar Shehu Idris da ya yi shekara 45 a kan karaga. Yaya yana ta yi mini bayanin gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, da yadda sarautar ta koma gidan Mallawa bayan kusan shekara ɗari. Na ce masa Barebarin nan dai namu ne, don gidan sarautar Damagaram ma daga Barno ya samo tushe. Da a ce watanni uku baya ne, da na cika waya da hotuna. Ranar ko ɗaya ban ɗauka ba, saboda jikan Baba ɗan shekara huɗu yana kan wuyana yana ja mini kunne, ɗayan hannun kuma ina riƙe da yayarsa kada ta ɓace. Cikin mahayan wani hakimi na hango wata riga da na san ta, ni na cike wani ɓangare na linzaminta bayan warwara ba adadi. Na yi ta nuna wa yaron, shi kuwa dawaki yake kallo.

Damina ta sauka da wuri, ruwa irin wanda ban saba gani ba, don abin da Zariya ke samu ya ninka namu har da ɗori. Garin ya yi kore, masara ta rufe hanyar Samaru, Kubanni ta cika. A ƙarshen Mayu aka cire tallafin fetur, kuɗin Napep ya yi tsalle, na koma tafiya a ƙasa, a nan na san lungunan birni da ba sa cikin taswirar waya.

Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai. Cikin 'yan kwanaki aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, ana ta maganar yaƙi a rediyo. Ni da na ƙetare iyaka sau takwas ina wasa da jandarmomi, yau ga iyakar da ta fi kusa da gidanmu ta rufe ina wannan gefen. Na kira mahaifiyata, ta ce suna lafiya, sai dai duhu da tsadar kaya. Na ce zan biyo ɓarauniyar hanya, ai mutane suna bi. Ta ce, "Ba ni Innarka." Suka sake ƙullawa. Baba kuma ya ce ƙafata ba za ta taka daji ba yana raye. A makonnin nan mutanen unguwa suka riƙa tsayawa a zaure suna tambayata mutanen gida kamar an yi mini rasuwa, liman ya sa Nijar a addu'a bayan sallar asuba, mai shayi ya daina karɓar kuɗin ƙwai. Wani dattijo ya ce shi kakarsa 'yar Tasawa ce, wani ya ce yayarsa tana aure a Maraɗi, wa za a yaƙa?

A watan Satumba wani jikan Baba ya ci makarantar kwana, ana ta haɗa masa kaya, aka rasa jaka mai ƙwari. Ina zaune ina cike wani tambari na ji bakina ya ce akwai tawa. Na shiga na zazzage ta a kan katifa, karo na farko har ƙasa. Tsabar sidi ta zubo, da dala-dalar sefa, da tikitin mota daga Abijan wanda rubutunsa ya goge, da wani ɓawon goro da ya bushe, da yashin da ban san na wace ƙasa ba ne. Na kakkaɓe ta na wanke na ba yaron. Inna ta aiko mini da tsohon akwatin ƙarfe, Yaya ya kawo guduma muka kafa ƙusa uku a bango.

An buɗe iyaka a watan Maris na 2024. Na bari sai da aka yi ƙaramar sallah, don aiki ya yi yawa a zaure, sannan na nemi izini. Baba ya ba ni kwana goma, ya ce akwai aska biyu ta wani ango da ke jirana, ya soke allurar a inda na tsaya ya naɗe rigar ya ajiye a gefensa. Inna ta cika mini Gana-mas-go da tsakin masara da busasshiyar rama da citta ta ce in kai wa ƙawarta. Na bi ta Kano da Daura, kafin magariba ina ƙofar gidanmu.

Mahaifiyata ta rungume ni ta yi kukanta ta more, ta zaunar da ni ta kawo fura. Ina sha ina ba ta labarin hanya, na ce ai yanzu da sauƙi, mota ne guda daga Kano har nan, sai dai an ɗauke Nepa a tasha ban sami cajin waya ba. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

Ta ce, "Mota ne? Kai kuma a bakin wa ka tsinto wannan?"

Ƙannena suka fashe da dariya. Ni kuwa na jawo Gana-mas-go na fara kwance ƙullin tsaki, ina tambayarta ko akwai yakuwa a gidan.